Baƙin Kifin da Ke Ramewa a Tumfure

Har yau ban manta ranar da Madam Ngozi ta tura ni Tumfure in duba wani kifi da ke ramewa ba. Lokacin ban daɗe da fara aiki a shagonta na kifin ado da ke Herwagana ba. Kafin nan tarwada nake kiwo a wata gona a Kwadon, kuma a can doka ɗaya muka sani: a ware manya da ƙanana, don babba kan haɗiye ƙarami. Da wannan ilimin na zo, ina ganin kifi ai kifi ne.

Ku da kuka zo aiki shagon nan daga baya kun tarar an raba aiki. A lokacin ni kaɗai ne mai zagaya gidajen da muka sayar wa kifi. Tsarin da Madam ta koya mini shi ne in fara duba ruwa, in duba injin da ke tace shi, sannan in duba jikin kifin. Idan duk lafiya, in kira ta.

Mai gidan wani Alhaji ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Ya gina tafkin siminti a tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, ya zuba koi, manyan nan masu zane ja da fari da ɗan gashin baki irin na tarwada. Ya haɗa su da kifin gwal sirara masu jela ɗaya. Sai kuma wani baƙi guda, mai tumbi, jelarsa biyu tana jan ruwa kamar babbar riga, idanunsa sun fito zuru-zuru. 'Yarsa ce ta kawo masa shi tsaraba daga Abuja, shi ya sa yake ji da shi. Shi ne ke ramewa.

Alhaji ya ce, "Malam Sale, duk abin da za ka yi ka yi, kada kifin nan ya mutu. Me zan ce wa yarinyar?"

Na duba ruwa, garau. Inji yana aiki. Na kamo kifin da raga na jujjuya shi, babu ƙuraje, babu rauni, sai dai tumbin ya lotsa. Na koma ga ilimina na tarwada, na gwada girmansa da na sauran. Ya fi siraran nan kauri, kuma babu koi ɗin da bakinsa zai iya ɗaukarsa. To me ke cin sa? Abin ya ɗaure mini kai, kuma ni idan abu ya ɗaure mini kai ba na iya tafiya gida.

Na kira Madam. Ta ce, "Ka ga lokacin da suke cin abinci?" Na ce a'a. Ta ce, "To zauna ka gani. Kada ka ba su da kanka, bari mai gida ya ba su yadda ya saba."

Na zauna a bakin tafki har la'asar. Kusa da ni akwai wani dattijo a kan tabarma, siriri, riƙe da carbi. Yayan Alhaji ne, suna kiransa Hamma, idanunsa sun yi rauni sosai. Muka gaisa, ya tambaye ni ko ana cin irin wannan kifi. Na ce ba a ci. Ya yi dariya ya ce to lallai ƙaninsa ya huta.

Bayan salla Alhaji ya fito da gwangwanin abinci, ya damƙo ya watsa gaba ɗaya kamar mai ba kaji tsaba. Ruwa ya hautsine. Koi suka taso da bakuna a buɗe, siraran nan suna ratsawa ta tsakaninsu suna wafce rabonsu. Ni kuwa idona na kan baƙin. Sai da ruwa ya motsa sannan ya san an zuba wani abu. Ya juyo a hankali, yana karkaɗa jiki, ya kai baki inda ƙwaya take, ya kuskure. Ya sake kaiwa, wani koi ya bangaje shi ya wuce. Kafin ya daidaita, babu ko ƙwaya ɗaya a saman ruwa. Babu wanda ya cije shi, babu wanda ya kore shi. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Na sake kiran Madam na sa ta a lasifika. Ta ce koi da siraran kifin gwal suna zama tare lafiya, don saurinsu ɗaya. Amma masu tumbi da jela biyu ba su da gudu, masu fitattun idanu kuma ba sa gani sosai. Irin waɗannan sai a ajiye su da 'yan'uwansu masu nawa, a akwatin gilashi ko wani tafki daban.

Alhaji ya ɓata rai. Ya ce, "Madam, ni a gidana ba a ware kowa. Ni da Hamma da samarin gidan nan tire ɗaya muke ci, haka muka taso. Zan ƙara musu abinci, shi ke nan."

Madam ta ce in ya ƙara, masu sauri ne za su ƙara ƙiba, ragowar kuma ta ɓata ruwa. Ya ce shi dai ba zai kulle kifin 'yarsa shi kaɗai kamar mai laifi ba. Na fara naɗe ragata, ina lissafin kifin ba zai kai ƙarshen wata ba.

Sai Hamma ya yi gyaran murya. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Ka bari a cire shi, Alhaji. Ni na san yadda yake ji. Kafin hannuna ya lalubo nama, yara sun suɗe tire."

Alhaji ya dubi yayansa, ya dubi yadda wuyan hannun dattijon ya rame, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Hamma, me ya hana ka faɗa?" Dattijon ya ce, "Wa ya hana ni ci da zan kai ƙara?"

Washegari na kai akwatin gilashi da wasu masu tumbi guda biyu, na girka a barandar ɗakin Hamma. Da na koma zagaye bayan 'yan makonni, baƙin ya murmure, yana ɗaukar ƙwaya ɗaya-ɗaya babu mai ture shi. A gefen akwatin na tarar da Alhaji da Hamma su biyu a kan kwano ɗaya. Alhaji yana yanka nama yana turawa gefen yayansa, yana ci a hankali yana jiran sa.

Shi ya sa idan mai saye ya tambaye ku wane kifi zai zauna da wane, nake hana ku tsayawa a girma ko launi. Ku tambayi wa ke da sauri, wa ke gani. In kun je gida kuma, kada ku taso sai kun ga an zuba abinci, ku lura da wanda ya isa a ƙarshe. Shi ba zai taɓa yi muku ƙorafi ba.