Kujerar da Malam Ya Taya

Maigidana, Allah ya jiƙansa, dillalin tumaki ne. Ya ci kasuwar Tsibiri, ya ci ta Jiratawa, kuma duk zamanmu ban taɓa ganin ya sayi abu a kuɗin da aka faɗa masa ba. Ko allura ce sai ya taya. Ina faɗa hawaye na zuba, amma a rubuta haka, don gaskiya ce.

Dabararsa ɗaya ce. Ya taya, a ce albarka, sai ya kaɗe riga ya juya, yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, kunnuwansa na baya. Kafin ya bar rumfa an kira shi. Da wannan tafiyar ya ciyar da mu, ya gina mana gida a Sabon Gari.

Burinmu mu je Makka tare. Ni na kafe a kan tare ɗin, don na san in ya tafi shi kaɗai, a kasuwa zai ƙare. Shi yana tara na tumaki, ni na man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, har kuɗin kujera biyu suka cika. Lokacin nan ne jam'iyyu suka yi yawa, ma'aikata ba albashi, kowa da tuta a bakin ƙofa.

Muka je ajans ɗin masu jirgi nan cikin Maraɗi. Mai ofishin ya faɗi kuɗi, daidai abin da ke aljihun Malam. Maimakon ya miƙa, sai ya gyara zama. Ya tambaya ko jirgin ba shi da kan kaya, irin na motar Tsibiri, inda ake biyan rabi. Ya nuna ni, ya ce a dubi matar nan, ko tunkiya ta fi ta nauyi, yaya za a karɓi nata daidai da na ƙato? Mutumin ya yi dariya, ya ce kuɗin daga Yamai ake yanke su. Malam ya taya, ya kaɗe riga, ya juya.

Muka fita sannu-sannu. Muka wuce mai shayi, muka wuce mai faci. Babu wanda ya kira.

Na ce, "Malam, mu koma ka biya."

Ya ce, "Ke bari. Jirgin da zai tashi da kujera babu kowa, wa ya yi asara? Har gida za su aiko."

Ba su aiko ba. Abin da ya zo shi ne karyewar sefa. Muka kwana da kuɗin kujera biyu, muka tashi da na ɗaya da ƴan canji. Ban yi masa magana ba har aka yi Juma'a, kuma tuwon da na riƙa ba shi ko almajiri ba zai ci da daɗi ba.

Sai abokansa na kasuwa suka ce a Najeriya ake samun araha, a canza kuɗin zuwa naira a sayi biye, wato tikiti, a Kano. Muka bi ta Ɗan Isa, muka bi ta Jibiya, kowane shinge ana tatsar mu. A Kano ya zaga ofis-ofis, ina biye da buta. Wani ya ce akwai jirgi mai sauƙi, amma sai ya sauka ƙasa-ƙasa kamar motar kasuwa. Malam ya ce wannan ne namu. Da aka lissafa, in na sayar da kwallayena za mu iya. Na ce na sayar. Ya ce a'a, a rage dai. Ya kaɗe riga. A wannan karon tafiyar mai ciwon ƙafar ba ta tsaya ba sai tashar motocin Katsina.

Haka muka yi ta yi. Mu tara, kujera ta hau. Mu ƙara, ta ƙara. Shi kuwa bai taɓa yarda cewa akwai cinikin da ya fi ƙarfinsa ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira ni ya ce abin da ke ƙasa ya isa mutum ɗaya, in tafi. Na ce ba haka muka yi ba. Ya rufe ido har na zaci barci ya ɗauke shi, sai ya buɗe ya ce:

"Amma kada ki biya abin da suka fara faɗi."

Bayan na fita takaba, ƙanena da zai tafi a shekarar ya raka ni ajans. Wata yarinya ce a kan teburin. Ta faɗi kuɗi. Don alƙawarin mamaci na taya, na ja mayafi, na juya ina ɗingishi. Ban kai ƙofa ba na ji, "Inna, dawo."

Na ce a raina, Malam, ka ga, sun kira. Ashe butata na manta ƙarƙashin benci. Na ɗauka, na zauna, na biya duka, ina kuka har yarinyar ta rasa inda za ta sa idonta.

Ranar tashi ƙanena ya zauna a damana. Kujerar haguna kuwa, har aka rufe ƙofa babu kowa a kanta. Na dube ta, na dube ta. Ashe ya yi gaskiya, ga ta nan za ta je Makka kyauta. Na ɗora butata a kai, na ɗaura mata ɗamarar kujera, na yi wa Malam faɗa tun daga Yamai har Jidda.