Ɓawon Gyaɗa a Gonar Yamma

Har na kai shekara ashirin, abin da na yarda da shi game da ƙasar noma shi ne ba ta da rai. Na ɗauke ta tamkar rumbu: abin da aka zuba shi ake ɗiba, in ya ƙare ya ƙare, in aka ƙara zubawa kuma a samu nan take. Ban tuna wani malami ya koya mini haka a lakwal, wato makarantar boko, ba. Ina jin ni na haɗa wa kaina wannan ra'ayi.

A ƙarshen zamanin Nasara mahaifinmu ya rasu, na dakatar da karatu a Damagaram na komo ƙauyenmu kusa da Waca. Ya bar ni da Inna da ƙannena mata biyu. Ƙanen mahaifin namu, wanda muke kira Baffa, ya karɓi riƙon gida, gonar gandu ta bakin gari ta koma hannunsa. Mu aka bar mana gonar yamma, wadda mahaifinmu ya yi ta shuka wa gyaɗa shekara bayan shekara, domin gyaɗa kwamandan Nasara yake so, ita ce kuma ke fitar da mutum daga lampo, wato haraji. Sa'ad da ta zo hannuna ta zama farin rairayi, ko ciyawa ƙyamarta take yi. Rabonmu na gandu ba ya kai mu bazara. Yayan Inna, Kawu, da ke zaune ƙetaren iyaka a ƙasar Ingilishi, ya aiko cewa in gonar ba ta ciyar da mu ba zai zo ya tafi da ita da yaran. Ni kuwa ɗan gidan ne, ba inda zan bi su.

Taki gonar take bukata, kowa ya sani. Sai dai a al'adarmu duk abin da ya faɗi cikin gida, kashin awaki ne, toka ce, ko sharar tsakar gida, na gandu ne. Na roƙi Baffa ko mangala kaɗan.

"Ɗana," in ji shi, "in na ba ka, gobe ƴaƴan ɗakin can su zo, jibi na ɗakin nan. Da me zan ciyar da ku duka?"

Ba mugunta ya yi ba, yanzu na san haka. A lokacin ban sani ba.

A bayan wurin awon gyaɗa na Waca akwai ɓawon gyaɗa tsibi-tsibi, wanda ba mai so. Na ce a raina, abin da ya fita daga gonar ne, in na mayar mata na biya ta. Na ari jakin maƙwabci na yi ta jigila duk rani, ina watsawa ina binnewa da hauya. Masu zaman gindin tsamiya suka samu abin hira, suna tsokanata da Mushe, wato malam da Faransanci.

"Mushe, an fito? Yau ma ɓawon za a shuka?"

"Ku ƙyale shi, a lakwal aka koya masa. Nasara sun kwashe ƙwaya, shi ya kwashe ɓawo, an yi rabo ke nan."

Da damina ta sauka hatsi ya tsiro sarai, na fara tafiya da ƙafar mai nasara. Kafin noman farko ya ƙare sai ganyen ya soma zama ruwan ɗorawa, ya tsaya cak kamar an riƙe shi ta ƙasa. Gonar da ba a zuba wa komai ba ma ta fi tamu kyan gani. Abin da muka girbe bai kai na bara ba.

Wuri guda ne ya saɓa. Inda nake kafa turken jaki in ina aiki, inda kashinsa da fitsarinsa suka cakuɗe da ɓawon, hatsi ya yi kore shar, ya fi ni tsawo. Faɗin wurin bai wuce na ɗaki ba. Na nuna wa Inna, ba don na fahimci komai ba, sai don ba ni da wani abin nunawa. Ta tsuguna ta tona da hannu. Ƙasar ta yi duhu, da sanyi, gara ta yi hanyoyi a ciki, ɓawon kuma ya ruɓe har ba a gane shi. Ta shinshina, ta kakkaɓe hannu.

Bayan kaka Kawu ya iso da raƙumin aro. Ya leƙa rumbunmu ya girgiza kai.

"Haɗa kayanki. Ba zan bar ƴaƴan nan su ci ɓawo ba."

"Yaya, ka ba ni damina ɗaya."

"Bara ma damina ɗaya kika ce."

"Bara takaba nake yi, ban ce komai ba. Kai ka faɗa, kai ka amsa wa kanka."

Kawu ya yi dariyar da bai shirya yi ba, ya ce daga wannan ba ƙari.

Washegari Inna ta kwance awakinta daga turke ta nufi ƙofar gida da su. Baffa yana zaure.

"Ina zuwa da awaki da sassafe haka?"

"Gona. Takin da ya faɗi cikin gida na gandu ne, Malam, ban musa ba. Awakin dai nawa ne, daga gidanmu na zo da uwarsu. Inda na ɗaure su nan za su yini."

Baffa ya ce to a dinga komowa da su kafin magariba saboda kura. Duk ranin nan muna ɗaure su a gonar, muna kai musu harawa da ruwa, muna matsar da turke gaba-gaba. Ban ƙara ko mangala guda ta ɓawo ba, tsoro ya hana ni.

Damina ta biyu na shiga da fargabar da ban taɓa yin irinta ba. Kowace safiya sai na duba ganye ina jiran ɗorawar nan. Ba ta zo ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne har inda awaki ba su taɓa kaiwa ba hatsi ya tashi, ko da yake bai kai na wurin turke ba. Ruwan sama da dā ke zurarewa ya soma zama a ƙasar. Ranar da na ga kan hatsin ya fito ya yi nauyi, na zauna a kan kunya, na daɗe ban tashi ba.

Shekaru bayan haka, a jami'a, na koyi sunan abin da ya faru. Akwai ƙananan halittu cikin ƙasa da ido ba ya gani, suna fitar da wani sinadari da ke narkar da shara kamar yadda yawu ke narkar da tuwo. In aka ba su busasshen abu irin ɓawo shi kaɗai, sai su fara cinye ɗan abincin da shuka za ta ci kafin su gama aikinsu, daga baya su mayar da fiye da haka. Kashin dabba yana gaggauta musu. Wannan bayani ya gamsar da ni, amma har yau nakan tambayi kaina ko ruwan shekarar ne kawai ya fi na bara daidaito. Ban auna komai ba, kuma mutum yana son labarin da ya nuna wahalarsa ba ta tafi a banza ba.

Kawu ya zo bayan girbi, ya leƙa rumbu, ya kwana biyu ya koma shi kaɗai. Da rani Inna ta sa aka sake wa ɗakinta jinka.