Tafkin da na haƙa wa mahaifiyata

Shekarun baya masu yawa, tun Turawa ba su tafi ba, na taɓa haƙa tafki a bayan gidanmu. Kada ku zaci wani babban abu ne. Faɗinsa bai fi tsakar gida ba, zurfinsa kuwa iya ƙirjina a tsakiya. Amma ya ci mini damina biyu, ya kuma jawo mini sunan da na daɗe ban rabu da shi ba.

Asalinmu wani ɗan ƙauye ne can cikin daji bayan Gayam, a bakin wani rafi mai duhun ƙurmi. Ciwon barci ya shigo mana, ya ɗauki mutane da dama, cikinsu har da mahaifina. Ma'aikatan asibiti suka zo suka jera mu a rana suna lalluba wuyanmu ko akwai kaluluwa. Suka ce ƙudan tsando ne ke kawo ciwon, shi kuwa inda ruwa ya haɗu da inuwa nan ne gidansa. Ba a daɗe ba saƙo ya zo daga hakimi ta bakin dagaci, a tashi a koma bakin hanya. Da muka gama kaka muka kwashe.

Sabon wurin fili ne fetal, ƙasa ja mai marmara, da rijiya guda ta siminti a tsakiyar gari. Lokacin ban daɗe da aure ba. Mu uku ne a gidan, ni da matata da mahaifiyata.

A can ƙauye mahaifiyata mace ce mai hira, ga ta da lambu a bakin rafi, gwaza da rake da ayaba. Idan rani ya yi takan shiga ruwa ta tono bado. Da muka dawo bakin hanya sai ta yi shiru. Da safe takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta fuskanci wajen da muka fito, ta wuni a haka. Matata ta same ni ta ce, "Maigida, Inna fa ba ta cin tuwo. Yadda na kai haka nake ɗaukowa."

Ni ne ɗanta na fari, kuma kun san kunyar da ke tsakani. Ba ta kiran sunana, ba ta duban fuskata, idan tana da magana da ni sai ta bi ta wajen matata. Saboda haka ban tambaye ta komai ba. Na zauna ni kaɗai na yi nazari irin na mai shekara ashirin, na yanke cewa rafi take kewa. Tunda ba zan iya mayar da ita rafi ba, sai in kawo mata shi gida.

Akwai ramin da muka ɗebi ƙasar gini a bayan gida. Na ɗauki diga na faɗaɗa shi, na yi masa gangara, na ja ɗan lambatu daga tsakar gida don ruwan sama ya riƙa gangarowa ciki. Damina ta sauka, ramin ya cika fal. Na roƙo 'ya'yan ayaba da gwaza na dasa a gefe, ina tafiya a gari kamar wanda ya gina gada. Ruwa na ɗaukewa tafkina ya fara ja da baya. Kafin a gama yankan dawa ya zama busasshen rami, ƙasansa duk ya tsattsage. Gwaza ya kwanta, ayaba ta ƙone. Daga nan mutanen gari suka sa mini suna Sarkin Ruwa. Har yara in sun gan ni sai su durƙusa su ce, "Ranka ya daɗe, ina labarin kogi?"

Ina da wani abokina Bafulatani, tun muna ƙauye muke tare, rugarsu na sauka kusa da gonarmu duk rani. Ya zo ya tsaya a bakin ramin, ya rataya hannuwa a sandarsa, ya daɗe yana kallo.

"Kaɗo," ya ce, "ka haƙa kwando ka ce ya riƙe maka ruwa."

Na ce to in yi yaya?

Ya ce, "Ka taɓa lura da inda shanu ke sha a daji? Can ruwa ke daɗewa. Su suke tattake ƙasan har ya toshe. Nemo yumɓu ka shimfiɗa, ni kuma in kawo maka masu aiki."

Haka na kwashe ranin nan ina jigilar yumɓu a jaki daga fadama, ina haɗawa da ƙasar suri da kashin shanu, ina shimfiɗawa a ƙasan ramin da bangonsa. Da aka yi ruwan farko ƙasa ta jiƙe, sai ga abokina da garke. Muka buɗe danga muka kora su ciki, yana yi musu fito, suna kewaya suna cakuɗa taɓo har gwiwa. Mun yi haka 'yan kwanaki. A wajen fita wata saniya ta bi ta kan shukar kuɓewar matata ta share ta tas, abin da ya sa na yi mako ina cin tuwo da miyar kuka ba gishiri.

Amma aikin ya yi. Damina ta biyu tafkin ya cika, ya kuma tsaya.

Sai maganar shuka. Na ce ba zan dasa na aro ba, na wajenta zan kawo mata. Na yi sammako da jaki na koma kufanmu. Da na isa ban gane wurin ba. An sare ƙurmin gaba ɗaya saboda tsando, daga wannan gaɓa har waccan, kututture kawai ake gani. Rafin ya faɗaɗa, yashi ya cike shi, rana na dukan ruwan kai tsaye. A wani ɗan gurbi na sami ragowar bado na tono, na tono gwaza daga tsohon lambunta, da rake da 'ya'yan ayaba. Na kama ƙananan tarwaɗa da ƙarfasa na zuba a tulu. Ban ko leƙa tsohon gidanmu ba, don ina saurin kada kifin ya mutu a hanya.

Wannan karon na yi abin a tsanake. Badon na sa shi cikin tsofaffin kwanduna da taɓo, na danne da duwatsu, na nutsar a tsakiya inda ya fi zurfi. Gwaza na jera shi a gefe inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Na dasa ciyawar jema a kan gaɓa don ta riƙe ƙasa, rake a bayanta, ayaba kuma ta yamma don ta tare ranar la'asar. A bakin lambatun na tara tsakuwa, ruwa ya riƙa tacewa kafin ya shiga. Na kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Daga ƙarshe na mirgino wani faffaɗan dutse na ajiye a inuwar ayaba, wurin zaman Inna.

Kafin tsakiyar damina wurin ya yi kyau, ba don ni na yi ba. Ganyen bado ya rufe rabin ruwan, furensa fari yana buɗewa, balbela na sauka, kwaɗi sun tare. Masu ce mini Sarkin Ruwa suka fara leƙowa ta danga. A daminar ce kuma matata ta haihu, muka sami 'ya mace.

Mahaifiyata sau ɗaya ta zo. Ta tsaya daga nesa ta duba, ta ce wa matata, "Ki ce masa sannu da aiki." Ta koma tabarmarta. Dutsen nan ba ta taɓa zama a kansa ba. Na ce a raina sai a hankali, wataƙila sai ayaba ta yi 'ya'ya.

Wata safiya sai ga duba-gari, ma'aikacin tsabta na En'e da ke shiga gida-gida. Saurayi ne kamar sa'ana, da kakinsa da wani ludayi mai dogon hannu. Ya yi sallama, ya gaida Inna da ladabi, ya duba randa, ya duba bayan gida, sannan ya hango ayaba. Ya tsugunna a bakin tafkin ya ce, "Kai, wa ya yi wannan? Wallahi ya yi kyau."

Ina cikin jin daɗi ya zura ludayinsa tsakanin gwaza ya ɗebo, ya miƙo mini. Ga 'ya'yan sauro nan suna wutsil-wutsil.

Na ce ai akwai kifi, yana cinye su.

Ya ce, "Kifi ba ya shiga nan, ruwan ya yi kaɗan. Ga su a gabanka. Kuma ba su ne suka fi damuna ba." Ya nuna ayaba da raken. "Malam, an taso ku daga ƙurmi, ka zo ka dasa wani a bayan ɗakin mai jego. Ruwa da inuwa, ga shanu na shigowa gari daga daji da ƙuda a jikinsu."

Na ce in sare ayabar fa? Ya ce doka ba ta yarda da kwantaccen ruwa a cikin gari ba, ko da inuwa ko babu. In cike kafin kasuwa ta zagayo, in ba haka ba dole ya kai ni gaban alƙali. Bai ɗaga murya ba. Har ya sake juyowa ya kalli furen kafin ya fita.

Yana fita na hau faɗa a tsakar gida. Na ce a kai ni gaban alƙali, a kai ni gaban Joji ma, a ɗaure ni. Tsohuwa an raba ta da rafinta, ɗan abin da na yi mata kuma a ce in binne? Matata na ba ni haƙuri, ni kuwa kamar tana zuga ni.

Sai na ji muryar mahaifiyata. Ba da matata take ba.

"Kai. Zo nan."

Na je na durƙusa a gefen tabarma. Tun da na yi wayo ban tuna ranar da ta kira ni haka ba.

Ta ce, "Ka cike ramin nan."

Na ce, "Inna, don ke na yi shi."

"Na sani. Na ga wahalar da ka sha, shi ya sa ban ce komai ba. Amma yaron nan gaskiya ya faɗa. Tun da aka haifi yarinyar nan nake korar ƙuda a kanta, kowanne na gani sai gabana ya faɗi."

Na ce ai na ga tana kewar rafi.

Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Rafin da ya cinye mini miji? Ni ba rafi na baro a can ba. Babanka na baro a bayan ɗaki, ba mai share masa ciyawar kan kabari. Da ka je ɗebo gwaza, na zaci za ka dawo ka ce mini ka duba shi."



Washegari na kira gayya. Muka fasa gaɓa ruwan ya tsiyaye, aka kama kifin aka rarraba wa maƙwabta, muka tura ƙasa. Aikin da ya ɗauke ni damina biyu, kafin azahar an gama da shi. Abokina ya zo ya tarar ana tattake wurin, ya ce da ya sani da bai wahalar da shanunsa ba.

Da ruwa ya ɗauke hanya ta bushe, na ɗora mahaifiyata a jaki muka tafi kufai. Ɗakunan sun zube, gamba ta fi tsayina. Ni da kaina da na sha wuya kafin in gane wurin kabarin, amma ita kai tsaye ta nufe shi. Na sa lauje na share ciyawar, na gyara fasassun tukwanen da aka jera a kan kabarin. Ita kuma ta karyo reshe ta share kewayen tas, yadda ta saba. Muka yi masa addu'a. Ta zauna ta ba shi labarin an yi masa jika, da sunan da aka sa mata, kamar yana zaune a gabanta. Ni na koma gefe na ba su wuri.

A hanyar dawowa ta ce yunwa take ji, ko matata ta sa mana wani abu a jaka. Ta ci dafaffen rogo har ta nemi ƙari.

Ba zan ce ta koma yadda take a da ba, amma ta riƙa cin abinci, ta riƙa goyon jikarta, wani lokaci har a ji dariyarta. Duk shekara bayan kaka nakan kai ta, har ƙarfinta ya kasa, daga nan na ci gaba da zuwa ni kaɗai in dawo in ba ta labari.

Yanzu na tsufa fiye da yadda ta tsufa. Idan na tuna tafkin ba na jin haushin kowa, ba na kuma nadamar haƙa shi, don na koyi aiki kuma na ga kyansa da idona. Abin da kawai ke ba ni mamaki shi ne, tsakanin tabarmarta da bakin ramin nan taku kaɗan ne, na yi ta wucewa ta gabanta da kaya a ka safe da yamma, ban taɓa tsayawa na ce, "Inna, me ke damunki?" ba. 'Ya'yana yanzu suna yi mini hidima iri-iri, Allah ya yi musu albarka. Sukan kawo abin da suke zaton ina so, in karɓa in gode. Wanda ya zauna ya tambaye ni kuwa, nakan gaya masa.