Gungumen da Ke Mararraba

Labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare a Birnin Gwari, wato ina zana koguna a allo, yara su kwafa, kowa ya tashi a bushe. Bayan an tashi makaranta kuwa, abin da ke cin lokacina shi ne gyaran wani wasan tuƙin mota na waya. Waɗanda suka ƙirƙire shi sun shimfiɗa masa titunan wata ƙasa mai nisa, sumul kamar faranti, amma sun bar dama ga duk mai son canza taswirar. Na kwashe titunansu na sa namu: tasha, kasuwar hatsi, gefen dajin Kamuku, da ramukan hanya, kowane a mazauninsa. Direbobi sun fi yaba ramukan.

Ban taɓa ɗora shi a intanet ba. Mai cajin waya na bakin tasha na ba, shi kuma yana tura wa duk wanda ya kawo caji ya nuna sha'awa.

Cikin masu buga wasan akwai wani dattijo, tsohon direban a-kori-kura, wanda ya yi shekaru yana ɗauko masara daga ƙauyensu da ke can bayan Kusasu. Tun da 'yan bindiga suka tashe su yake zaune a gari, a ɗakin da ƙanin matarsa ya ba shi. A taswirata, hanyar ƙauyen nasu ta tsaya ne a mararraba, inda na gitta gungume, don ban san abin da ke gaba ba balle in zana. Wata rana ya tare ni ya ce in ƙarasa ta. Ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da tsinke: rafi, tsamiya, coci mai rufin kwano, rumbunansa. Da na nuna masa gwaji, ya ce tsamiyar hagu take idan za a shiga, kuma ban san tsamiya ba. Na gyara. Na yi wurin da damina, masara ta kai kafaɗa, don haka ya kwatanta mini. Na cire gungumen, na kai wa mai caji.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba mai caji ya kira ni gefe. Ya ce Baba direba ya samo iri, ya ari fartanya, ya kuma shirya da wani ɗan acaɓa zai kai shi gida bayan cin kasuwa. A tasha an gama lissafi: Malam yana da wa a sakatariya, Malam ya rufe hanya da gungume tun farko, yanzu ya cire, ke nan ya ji wani abu daga sama. Yayan nawa a sashen allurar dabbobi yake, kuma babban sirrin gwamnati da ya taɓa gaya mini shi ne ranar da za a gyara musu fanka.

Na sami Baba direba a inuwar rumfar mai shayi, wayar na hannunsa.

"Baba, an ce gida za ka."

"Ai kai ka buɗe hanya, Malam."

"A waya na buɗe."

"To mai ilimi zai cire gungume haka kawai?"

Na ce zai cire, har ma ya fi kowa. Na yi masa bayanin yadda gungumen ya samo asali. Ya saurara har na gama, yana juya wayar, sannan ya ce wato ban ji komai ba. Na ce ko kaɗan, kuma waɗanda suka leƙa wajen kwanan nan ba su dawo da labari mai daɗi ba. Na ƙara da cewa zan mayar da gungumen, don akwai mutanen wasu ƙauyukan da ke da wasan, kuma su ma sun iya irin wannan lissafi.

"Sun rufe ta can," in ji shi, "kai ma za ka rufe ta nan?"

Masu haɗa irin wannan wasa a wasu ƙasashe sukan rubuta da ƙananan haruffa cewa duk abin da ya sami mutum ruwansa ne, su wuce. Ni kuwa masu amfani da aikina sun san ƙofar gidana, muna haɗuwa a jana'iza. Idan na bar hanyar yadda take, wani zai iya hawa babur a kan maganar da ban yi ba. Idan na toshe ta, na ƙwace wa dattijo iyakar abin da ya rage masa na gida.

Abin da muka yi shi ne, gungumen ya koma, amma idan mota ta iso sai ta tsaya, murya ta yi magana, sannan ya gusa. Rubutu ba zai yi ba, don rabin tashar ba sa karanta boko, sauran kuma ba sa karanta gargaɗi. Muryar Baba muka ɗauka, a shagon mai caji, bayan an kashe janareta. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Gwaranci: "Wannan hanyar ta da ce. Malam bai ji komai ba. Kada wanda ya bi ta gaske sai ya tambaya."

Mai caji ya riƙa sauya tsohon da sabon a duk wayar da ta shigo hannunsa, ko an nema ko ba a nema ba. Na san akwai tsofaffin kwafi da suka bar gari, shi ya sa har yau idan na ga baƙo yana bugawa nakan leƙa kafaɗarsa, abin da bai dace da malami ba.

Irin masarar a bayan gidan ƙanin matarsa Baba ya shuka shi. Samari suna ƙorafin ba a iya tsallake muryar, na ce haka aka yi ta. Shi kam Baba, in yana buga wasan, yakan tsaya a mararrabar ya jira har muryarsa ta gama, Hausar da Gwarancin duka, ya ce "Na ji," sannan ya sa giya ya nufi tsamiya.