Lanƙwasar bangon ɗakin Inna

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina cewa babu wanda ya kai ni iya ordinater, wato kwamfuta, a wurin aikinmu, na yi wani gyara da har yau nake da-na-saninsa. Biro ne ƙarami, wato ofishin zanen gini, a nan Matameye, mu biyar har da patron, maigidanmu. Muna zana azuzuwan lekol, wato makarantar boko, da shaguna da gidajen mutane, mu kuma sa ido a kan ginin.

Zane-zanenmu duka suna kan wani dandali na intanet, kowa yana iya buɗewa a wayarsa ko da yana wurin gini. In kana da magana a kan wani bango, sai ka ɗiga jan ɗigo a wurin, ka rubuta ko ka naɗi muryarka. Babu wanda ya kai abokina son ɗigon nan. Shi ne mai zanenmu, tare muka yi karatu a Damagaram, kuma zanensa in ka buɗe sai ka ce ƙyanda ce ta fito masa. Nakan yi masa tsiya cewa bangonsa ya fi shi surutu. Gaskiya ban cika buɗe ɗigon nasa ba.

Ran wata kasuwar Matameye motar haya ta kife da abokina da sauran fasinjoji a hanyar Damagaram. A asibitin can ya cika, a can kuma aka binne shi. Ya bar zanen ɗakin da yake shirin gina wa mahaifiyarsa a Kurni, har ya riga ya buga bulo. Mu huɗun da muka rage muka yi alkawarin ƙarasa mata. Dukanmu Inna muke ce mata.

Bayan ƴan watanni sai masu dandalin suka aiko cewa za su rufe tsohon, kowa ya kwashe kayansa ya koma sabo. Patron ya ɗora mini aikin, ni kuwa har da gyara zama. Da na zo inda ake rubuta sunayen ma'aikatan da za a ƙaura da su, na rubuta huɗu, na tsaya a kan na abokina. Na ce a raina mamaci me zai yi da sabon dandali, na tsallake shi. Akwai wani ƙaramin rubutu a ƙasa, cewa kowace magana da aka ɗiga tana bin sunan mai ita ne, wanda ba a ƙaura da shi ba tasa ba za ta zo ba. Ban karanta ba. Na ƙirga zane-zane na ga sun cika, na yi ta cika baki, ranar da aka sa ta zo aka rufe tsohon.

Da muka tashi aikin Kurni na buɗe zanen ɗakin, na gan shi fes, babu ɗigo ko ɗaya. Sai na lura bangon baya bai miƙe ba, yana zuwa kusurwa ya shige ciki kamar taku ɗaya, sannan ya fito. Na ɗauka hannun abokina ne ya goce. Na ja layin na miƙe shi, har ina jin na rufa masa asiri.

Maginin da muke aiki da shi dattijo ne, ya daɗe da sanin abokina. Ranar da muka ja igiyar tushe ya ga ta bi ta kan wata ƴar bishiyar lalle, sai ya dube ni.

"Injiniya, marigayi ba ya lanƙwasa bango don wasa. Da ka tambaya."

Na ce masa wa zan tambaya. Inna tana Dungu wurin ƴarta da ta haihu, damina kuma ta kusa. Da na so, kira ɗaya ya isa. Amma na ce a sare lallen, aka haƙa tushe, aka zuba kankare.

Bango ya kai gwiwa ranar da ta dawo. Na tarye ta ina washe baki, ina nuna mata inda ƙofa za ta kasance. Ba ta dubi ƙofar ba. Ta zagaya baya a hankali, ta tsaya a kusurwar nan, ta daɗe tana kallon ƙasa. Abokina ɗanta na fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ranar ma ba ta kira ba.

"Bai faɗa muku ba? Ya ce mini ya rubuta a cikin abin naku."

Na ce me ke nan, Inna.

"Nan aka binne mabiyiyarsa, mahaifar da ta biyo shi, ranar da aka haife shi. Ni na dasa lallen don kada wurin ya ɓace mini. Kabarinsa yana Damagaram, ban san inda yake ba, ba kuwa zan sani ba. Nan kaɗai nake da shi."

A tsayen nan na tuna. Akwai jan ɗigo a daidai kusurwar, mai alamar murya. Na sha ganinsa tun abokina yana da rai, ban taɓa danna shi ba.

Na durƙusa na faɗa mata duk yadda aka yi, na ce gobe za mu fasa bangon mu mai da shi yadda ya zana. Ta tambayi magini ko wurin yanzu a waje yake ko a ciki. Ya auna da ƙafa, ya ce ya faɗo ciki, daidai lungun ɗakin. Sai ta ce a bari, kada a fasa komai.

"Tun da ya shigo ɗaki, ku bar mini shi."

Na rubuta wa masu dandalin sau uku ina roƙon ko za a samo muryar. Suka amsa cikin ladabi cewa an share komai bayan wa'adi, kamar yadda aka sanar. Ba su yi ƙarya ba, an sanar.

Ba sabon dandalin nake zargi ba, har yau da shi muke aiki kuma ya fi tsohon. Ni ne na kwashe layuka na bar dalilansu a baya. Yanzu in wani biro ya nemi in taya shi irin wannan ƙaura, sunayen waɗanda suka bar aiki da waɗanda suka rasu nake fara rubutawa, in kuma na ga karkataccen layi a zanen wani, ba na taɓa shi sai na tambaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, abokina ya yi mini magana ta ƙarshe, ni kuma na share ta ban ji ba. Duk Sallah nakan je Kurni gaida Inna. Ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Gadonta yana wannan lungun, kuma ta nan take sa kanta.