Gashin Inna a Tsagar Bango

Ina malamin gona a Wara, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, wasu mutum biyu suka zo daga jami'a, aka ce in zagaya da su ƙauyuka. Tun ranar farko ban yarda da su ba. Mu da ruwan Kainji ya cinye wa gari mun san yadda abin yake farawa: baƙi da littafi da murmushi, su auna nan su auna can, daga baya a ce ku kwashe kayanku.

Waɗannan dai ba ƙasa suke aunawa ba. Gero suke so, tafi ɗaya, da dawa da shinkafa da wake, har ƙayar kifi suke tsinta a bakin tafki suna zubawa a ambulan. Babbansu, wani mai furfura da ba ya gajiya da bayani, ya ce gero da dawa suna barin wata alama a jikin mai cinsu, shinkafa da wake tasu daban, kifi ma da tasa. Alamar tana zama a ƙashi da gashi. Wai sun tono ƙasusuwan mutanen da a wani kufai, suna son sanin abin da suka ci, amma sai sun fara auna abincin yau da mutanen yau. Na ce to. A raina kuwa na ce boka ne kawai da ya je makaranta.

Da ya nemi gashin tsofaffi, kowa ya ƙi. Inna, mahaifiyata, har tsaki ta yi.

"Gashina? Mi za shi yi da shi? Wanga mutum ba alheri yak kawo shi ba."

Ni kuma sai na ga hanyar kama shi. Duk ranar kasuwa ina aika wa Inna kifi, na san abin da take ci. In ya faɗi wani abu daban, ƙarya ta ƙare. Na kuma san inda take ajiye gashinta. Matanmu ba sa barin gashin kitso a ƙasa don kada maƙiyi ya samu, Inna kuwa cusa nata take yi a wata tsagar bango bayan rumbu. Wata rana ta tafi suna, na zaro ɗan dunƙule na kai masa, ban gaya masa komai game da mai shi ba.

Ashe tana duba wurin. Bayan kwana biyu ta ga an taɓa, kuma a saninta mutum ɗaya ce ta san tsagar: maƙwabciyarmu da muke kira Gwaggo, wadda take mata kitso tun suna tsohon gari kafin ruwa. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta daina shiga gidanta, ta daina ba ta kanta, in ciwon kai ya kama ta sai ta kalli katangarsu. Ina gani, kunya da tsoro suka rufe mini baki. Na ce zai wuce.

Bayan wata biyar mai furfura ya dawo da takardunsa. Ya ce mai wannan gashi gero da dawa take ci, kifi kuwa da wuya yake shiga bakinta. Na yi dariya har ya ji haushi. Amma a kan babur ina komawa gida sai na tuna ban taɓa ganin ta ci kifin da idona ba.

Na sami Inna tana tankaɗe. Na ce, "Inna, kifin da nake aikowa, kina ci kuwa?"

Ta ci gaba da tankaɗenta, ta ce, "Tun da idon mijin Gwaggo ya mutu yad daina shiga ruwa, ta bisa katanga nika miƙa mata. Shekara biyu. Ga abin da ta saka min da shi."

Nan na faɗa mata komai. Ban taɓa jin na ƙi kaina kamar ranar ba. Ta ajiye rariya, ta zame ɗankwalinta, na ga kai wata biyar ba kitso, duk ya cukurkuɗe.

"Tashi ka tahi ka hwaɗa mata da bakinka."

Na je na durƙusa. Gwaggo ta saurare ni har ƙarshe, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Washegari ta zo da tsinken kitsonta, suka zauna a inuwar rumbu, har na ji sun ɗan yi dariya, na ce alhamdu lillahi.

Da ta gama, sai ta bi tabarma tana tsince gashin da ya zuba, sili-sili, har wanda ya maƙale a zanenta. Ta kamo hannun Inna ta zuba mata a tafi ta dunƙule mata yatsu.

"Ga kayanki, ki duba ko sun cika."

Shekara talatin tana yi mata kitso ba ta taɓa faɗin haka ba. Daga ranar kuma, duk kitson da ta yi mata sai ta faɗa.