Nababa da Ɗorawar Iyaka

A wata unguwar Kiristoci da ke bayan Tsanyawa akwai wani dattijo, Nababa, wanda ko sannu ka yi masa sai ya duba ko da gaske kake. Ka ce an yi ruwa a Ɗambatta, ya ce, "Wa ya gani?" Ka ce wane ne ya gani, ya ce, "Me zai samu in na yarda?" Fasto uku ya gajiyar. Ana tsakiyar wa'azi yake ɗaga hannu, matarsa na jan rigarsa.

Fasto na huɗu ne ya tare shi. "Baba, kai da ba ka yarda da kowa, me ya zaunar da kai a coci shekara hamsin?"

"Shaidu," in ji Nababa. "Waɗanda suka ce sun ga Yesu ya tashi daga matattu, gona aka ba su? Duka suka sha, aka kashe wasu, ba su janye ba. Wanda shaidarsa ta ja masa asara, shi nake saurara."

Amsar nan ta yi masa daɗi, har a kasuwa yake maimaita ta ba a tambaye shi ba.

Ana nan sai rikicin iyaka ya tashi tsakanin ɗansa da maƙwabcinsu Malam Khalilu, a kan wata ɗorawa. Gambar da ta raba gonakin ta daɗe da ɓacewa, waɗanda suka san inda ta bi duk sun rasu, saura Nababa. Ga shi a inuwar ɗorawar yake hutawa, da kalwarta gidansa ke yin daddawa. Kuma ya sani sarai ta Khalilu ce.

Mai unguwa ya tara jama'a a gindinta. Nababa ya yi tari, ya nemi ruwa, ya fara kukan ido ya yi rauni. Sai Khalilu ya ce, "Baba, duk abin da ka faɗa na yarda. Ai ina jin ka a kasuwa."

Haushin nasa bakin ya kama Nababa. Ya miƙe da kyar, ya ja layi da sandarsa, ɗorawa ta faɗa gonar Khalilu. Mako guda ɗansa bai gaishe shi ba, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ran Lahadi fasto ya zo yi masa jaje. Nababa ya harare shi.

"Itace ɗaya na rasa, Fasto, har yau tuwo ba ya wuce mini. Su waɗancan shaidun rai suka bayar. A kan ƙarya?"